Agogon Tankin Hajiya

Alhamis ta uku ke nan Hajiya Tsahara na murɗa famfo da asuba, ruwa ya zubo mata kamar na randa. Tsohuwa ce mai sanyin ƙashi, ga shi lokacin ɗari. Alwala kawai ta yi, yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa har hantsi.

Don ita babban ɗanta, Alhaji Ilyasu, ya ɗauko tankin tun daga Kano, da ƙarfen dafa ruwa a ciki, da agogo mai juyawa da ake soka wa 'yan ƙusoshi. Ƙusa ɗaya a ƙarfe huɗu na asuba ta kunna, wata a shida ta kashe. Kowace Juma'a da safe Alhaji ke daidaita shi da hannunsa. Asabar ruwa ya zo ɗumi-ɗumi, Lahadi ya huce, kafin Alhamis sai wajen sha ɗaya na rana yake tafasa. Ƙusoshi na nan inda aka soka su, fuskar agogon ce ke komawa baya.

Sha ɗaya kuwa ita ce sa'ar da ƙanen Alhaji, Ya'u, ke dawowa daga garkarsa ta Jiratawa, caɓo har gwiwa, ya faɗa wanka yana waƙa.

Da ma ba ga maciji suke ba. Tun da aka buɗe jam'iyyu, wa ya bi ta 'yan kasuwa, ƙane ya bi ta malaman lakwal, wato makarantar boko, gida ya zama filin zaɓe. Kullum bayan la'asar abokan Ya'u ke cika sashensa, su saka kasat na waƙoƙin jam'iyyarsu a babbar rediyo, har da baitin da ke kiran manyan 'yan kasuwa kuraye. Sa'ar Alhaji ɗaya, wuta ba ta barinsu su more. Da an fara sai ta ɗauke, awa guda cur, su gaji da tsine wa gwamnati su watse. Alhaji kan fito daga sito yana kaɗa makullai, ya yi musu sannu da zafi.

Ranar Juma'a ya sa wa akwatin agogon kwaɗo. Alhamis ta zagayo, Hajiya ta sake shan sanyi.

Alhaji ya tari Ya'u a tsakar gida, jikinsa bai ko bushe ba.

"Ruwan uwarka kake sata, kai ko kunya ba ka ji?"

"Yaya, wallahi ban taɓa abin nan ba. Ba kai ke da makulli ba?"

"Wanda ya iya satar ƙuri'a, kwaɗo ba ya gagara tai."

Hajiya ta leƙo daga ɗaki, ta ce ita ta yafe, a dafa mata a murhu kamar da. Alhaji ya ce bai ɗauko tanki daga Kano don manomin albasa ya wanke ƙafa ba. Gida nasa ne, da guminsa ya gina, ya ba Ya'u kwana uku.

A kwana biyu Ya'u ya gama. Ya ɗaura katifa da rediyo a amalanke, ya kwashi matarsa Mansura da 'ya'ya zuwa Tsibiri, gidan surukai, abin da namiji ba ya so a ji. Da ya durƙusa sallama, Hajiya ta riƙe hannunsa. Alhaji bai fito ba.

Daga ranar agogo bai sake kuskure ba. Ƙarfe biyar, ruwa na tiriri. Alhaji ya baza labari a kasuwa da ƙofar masallaci: ga shaida, ɓarawo ya tafi, sata ta ƙare. Hajiya na wanka da ruwan zafi, amma tuwo sai a ɗauke shi yadda aka kawo. Yini take yi tana duban ƙofar sashen da aka garƙame.

Bayan wata biyu ƙarfen ya ƙone, aka kira Maman Lawali mai gyaran wuta, maƙwabcinsu na bayan gida. Yana kwance ƙusoshin tanki, Alhaji na tsaye a kansa yana ba shi labarin da kowa ya haddace.

Maman Lawali ya ajiye abin aikinsa.

"Alhaji, wanga agogo ba ya da batir. Kuran, wutar lantarki, ke tura shi. In kuran ya tsaya awa guda, shi ma ya tsaya awa guda, kuma ba ya ramawa. Kwana shida, awa shida. Amma abin da ban gane ba, layinmu ɗaya da ku, kuma duk ɗarin nan ba a ɗauke muna ba ko sau ɗaya da rana."

 Hannun Alhaji na cikin aljihu, a kan ƙaramin makullin sito, inda babban makunnin wutar gidan yake, wanda a da kullum bayan la'asar yakan sauke shi awa guda don kada ya ji an kira shi kura.