Ƙwayar da Aka Ɗaure da Haske

Tunda hannunka ba ya rabuwa da makunnin nan, zauna in ba ka labarin wani ɗalibin digiri na uku da ya yi zamani a ɗakin bincike irin namu. Aikinsa shi ne ya kama ƙwaya guda, wadda ƙurar gari ma giwa ce a gabanta, ya riƙe ta cikin ɗigon ruwa da tsinin leza, wato siririn hasken nan mai ƙarfi. Ka san halinta: a haska mata jan hasken da ido ba ya gani, ita kuma ta mayar da shi kore. Bawan Allahn nan ya sha wuya kafin ya samu wadda ta zauna. Da ta zauna kuwa, sai ya zama maigadinta. Ya hana tari, ya hana jan takalmi, mai atishawa sai ya fita bakin bishiya ya yi abinsa, don kada girgiza ta ture ta. Matarsa ma ta haƙura da shi, abinci sai dai aike. Digirinsa kaf a kan ƙwayar nan yake rataye, don ita zai nuna wa masu jarrabawa.

Ranar da suka zo, ya kunna, ɗan kore ya bayyana a allo. Wani tsohon farfesa ya gyara tabarau ya ce bai gani sosai ba. Ɗalibin ya ninka ƙarfin hasken, koren ya ninku huɗu, domin haka lissafin abin yake. Tsohon ya gyaɗa kai, ya zaro alƙalami zai sa hannu. Wallahi da a nan ɗalibin ya tsaya, da yau shi ke koyar da kai. Amma daɗin yabo ya kwashe shi, ya ce a ransa bari ya ƙara, su tafi suna ba da labari. Ya murɗa makunnin. Ruwan da ke kewaye da ƙwayar ya yi zafi, ya tayar da kumfa, kumfar ta yi cilli da ita cikin dubban 'yan'uwanta masu kama ɗaya da ke yawo a ruwan. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya tsaya yana nuna duhu da yatsa, yana rantsuwa yanzun nan tana nan. Har yau in na tuna nakan yi dariya, kuma nakan ji tausayinsa.

Tsohon ya mayar da alƙalami aljihu, ya ce, "To, ɗana, in ta dawo ka gaishe ta. Sai baɗi."

Garin neman ƙiba, an samo rama.