Ai Ba Kare Ba Ne

Wata uku ke nan wata mai ɗinki tana yi wa 'ya'yanta biyu alkawarin kai su gidan namun daji, tana ɗagawa. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana gida ba. Ita ce ɗinki, ita ce girki, ita ce kai yara makaranta.

Ranar wata Asabar, Auta, 'yarta mai shekara shida, ta tsaya a gefen keken ɗinki ta ce, "Mama, yau ma goben ce?"

Tun asuba uwar take taka keke, ƙafafunta sun kumbura. Ta dubi yarinyar, ta sauke numfashi. "Kira Yayanki, ku sa takalma kafin in canza shawara."

Gidan namun dajin ƙarami ne, a bayan tashar mota. Birai huɗu, jimina ɗaya duk gashinta ya zube, sai kada a cikin koren ruwa, ko ƙifta ido ba ya yi.

"Wannan kadan na roba ne, an cuce mu," in ji Yaya, ɗan shekara tara.

"To sa hannunka mu gani, sarkin baki," in ji Auta.

Uwar ta yi dariya a gajiye. Ta sami bencin siminti a inuwa, ta cire takalmi. "Ku zagaya inda zan riƙa hango ku. Kada wanda ya taɓa wayar keji." Ta jingina da bishiya, idonta ya rufe.

Ihun Auta ne ya tashe ta. Ta ruga ba takalmi, ta same ta a kejin ƙarshe riƙe da yatsa, jini yana ɗiga. A cikin kejin wani dila ne kwance jikin waya, miyau na dalala daga bakinsa.

"Ƙishirwa yake ji, Mama," in ji Auta cikin kuka. "Ruwana na miƙa masa a murfin gora."

Mai kula da dabbobin ya ƙaraso yana goge hannu a wando. "Ba komai, baiwar Allah. Satin jiya mafarauta suka kawo shi. Ba shi da faɗa, ko abinci ma ba ya ci."

Ta ɗaure yatsan da ƙyallen da ke jakarta. A hanya suka tsaya kemis.

"Kare ne ya cije ta?" in ji mai kemis.

"A'a, ba kare ba ne."

"To da sauƙi." Ya shafa aidin, ya manna filasta.

Da suka isa gida, tsohuwar da suke haɗa katanga ta ga hannun, ta ji labari, ta ce, "'Yar nan, ki kai ta asibiti a yi mata allurar nan."

"Iya, allurar cizon kare ce fa. Wannan kuwa ai ba kare ba ne."

"Ni dai na faɗa miki."

Mai ɗinki ta tuna layin asibiti, ta dubi kaya shida da ke jiranta a kan keke. "Gobe, in Allah ya kai mu." Goben ta zo, ciwon ya fara bushewa. Cikin sati guda ya warke, sai ɗan tabo. Aka manta.

Bayan sati shida Auta ta fara sosa yatsan, ta ce wani abu na yi mata yawo a ciki. Zazzaɓi ya biyo baya. A rana ta uku leɓɓanta suka bushe, tana kiran ruwa. Uwar ta kawo kofi. Yarinyar na ganin ruwan ta ƙwalla ƙara, maƙogwaronta ya shaƙe, ta ture kofin ya tarwatse a ƙasa.

A asibiti likita ya duba ta, ya tambaya, "Wata dabba ta taɓa cizonta?"

"Ba kare ba ne, likita. Dila ne, a gidan namun daji. Kuma tuni ya warke."

Likita ya ajiye biro. "Yaushe?"

"Sati shida ke nan."

Likita ya dube ta. Sannan ya ce, "Ciwon haukan kare ne. Sunan ne kawai na kare. Dila, kyanwa, biri, duk suna iya ɗaukarsa. Da kin kawo ta a ranar, ko washegari, allura za mu yi mata ta koma gida."

"To a yi mata yanzu mana."

"Yanzu ciwon ya riga ya bayyana. Sai dai mu rage mata wahala."

Kwana huɗu Auta ta yi. Uwar na zaune a gefen gado da ruwa a jaka, ba halin ba ta ko kurɓi ɗaya. Uban ya baro mota a hanya ya taho, bai same ta da rai ba.

Har yau mai ɗinki tana taka kekenta, don dole a ci abinci. Yaya ya daina tsokana, ba wanda zai tsokana. Rigar makarantar da ta yanka wa Auta tana nan a aljihun keken, ba a haɗa mata hannu ba.

Jama'a, kada sunan ciwo ya ruɗe ku. Duk dabbar da ta ciji yaro ko ta yakushe shi, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ku kai shi asibiti a ranar. Gajiya tana wucewa, layin asibiti yana ƙarewa, amma wannan ciwon in ya bayyana ba ya jiran gobe.