Ban Haƙurin Kamfanin Waya

Tun da kamfanin waya ya bari aka kwashe bayanan jama'a da muryoyinsu, doka ta tilasta masa bai wa kowa haƙuri baki da baki. Wanda ya yafe, ƙararsa ta mutu.

Da layi ya zo kan Inna Tabawa mai ƙosai, ma'aikaci ya zaunar da ita gaban wani akwati mai magana.

"Tabawa, ki yafe," in ji akwatin, da muryar mijinta da ya rasu bara.

"Mun san ita kika fi saurare, Inna," ma'aikacin ya ce, yana miƙo mata biro.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki.

"Shekara arba'in Malam bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ko satar ma ba ku iya ba. Mu haɗu a kotu."