Falle Biyu, Ƙusa Ɗaya

"Wa ya taɓa mini zane?" na faɗa da ƙarfi, har shugaban leburori ya ajiye shebur.

Na sha rana ina zana mutanen layinmu a jikin kwanon da aka kewaye sabon gini da shi. Baba ya yarda in zana shi, da sharaɗin kada in sa shi kusa da ƙaninsa. Baffa ma haka ya ce. Tun rigimar shagon da kakanmu ya bari, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Sai na kai Baba wannan ƙarshen, Baffa wancan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana miƙa wa masu wucewa hannu.

Da safen nan leburori suka cire fallayen don babbar mota ta shiga, suka mayar da su yadda suka ga dama.

"Yi haƙuri, Malama," in ji shugaban. "Mu a wurinmu kwano duk kwano ne. Yanzu za mu gyara."

Sai na lura mutane sun taru, har da Baba da Baffa, kowa ya ƙura wa wuri ɗaya ido. Fallayensu biyu sun haɗu fuska da fuska, tafin wannan cikin tafin wancan, ƙusa ɗaya ta riƙe su.

Wani lebura ya ɗaga guduma zai zare ta.

"Bar ta," in ji Baba. Ya dubi ƙaninsa. "Ƙusa ɗaya ma ta yi kaɗan."

Baffa ya karɓi gudumar, ya buga ta biyu da hannunsa.