Man Kaɗanya a Motar Baba

Baba yana da tsohuwar motar haya da yake jigilar mutane daga Daura zuwa Baure. Rana ta cinye robar gaban sitiyari, duk ta tsattsage. Wata la'asar ya goge ta da samfefa, ya ajiye ɗan gwangwanin baƙin fenti, wanda da ƙyar ya saya, ya tafi masallaci.

Ni kuwa, ina 'yar shekara bakwai, na ga tsagar nan sak fason ƙafar kakata. Ai na san maganinsa. Na kwaso man kaɗanyarta na mulke robar tsaf.

Da ya dawo ya ɗora buroshi, fenti ya ƙi kamawa. Ya shinshina yatsansa, ya dube ni. Na runtse ido ina jiran mari.

"Uwata," ya ce, "tausayinta kika ji?"

Na gyaɗa kai.

"To, ɗauko sabulu mu wanke. In ta bushe, ke za ki fara shafawa."

Yau ni ma'aikaciyar jinya ce. In ɗaliba ta yi kuskure a gabana, kafin in buɗe baki sai in ji ƙanshin man kaɗanya.