Filogin da Na Cire a Gaban Manaja

"Ku zuba ido," na ce, na fizge filogin daga bango. Da wannan gwajin manaja zai yanke ko zan ci gaba da aiki.

Rauta biyu, na'urorin raba intanet, na haɗa wa ofishin, in babbar ta mutu ƙaramar ta karɓi intanet. Jiya sakatariya ta tambaya ko ya dace su sha wuta ta filogi ɗaya. Na dube ta sheƙeƙe. Shekara ashirin ina sana'ar nan, mai buga wasiƙa ce za ta koya min?

Intanet ko gezau.

Na juya ga sakatariyar. "Kin gani, Hajiya? Ilimi ke nan."

"Na gani, Injiniya. Butar shayina ka cire."

Manaja ya nuna filogi ɗaya tilo da ya rage a bangon, wanda rauta biyun ke shan wuta ta cikinsa. "Bismillah, Injiniya."