Muryar Da Aka Bari A Gida

Tasalla, tun da kika fara fitowa a fim na lura harshenki ya sauya. Jiya da kika gaida Inna sai da ta waiwayo ta duba ko baƙuwa aka yi. To zauna in ba ki misali. Kada ki ce me na sani, don a harkar aron murya ni ba yaro ba ne. Ni ne na ari muryar hedimasta ta bayan taga na tashi makaranta guda da hantsi, abin da ya tsayar da karatuna a aji huɗu ke nan, kuma har yau ba a yi wanda ya kama ƙafata ba.

An yi wata 'yar wasan kwaikwayo a ƙasar Ostireliya, 'yar masu kiwon tumaki, daga wani gidan gona mai rufin kwano inda sai a yi tafiyar rabin yini a mota ba a ga maƙwabci ba. Ta fara da wasan dandamali a birni, daga nan aka ɗauke ta a talabijin. Da ta nemi manyan finafinan ƙetare sai aka ce fuska ta yi, amma da ta buɗe baki ana jin warin tumaki. Ta je wurin malamin gyaran murya. Shi kuwa hanyar aikinsa guda ce: mutum ya ɗauki muryarsa ta gida a kaset, ya zauna yana saurare, duk kalmar da ya ji ta fito da ƙauyanci ya maimaita ta har ta miƙe, kada kuma ya ƙara faɗinta yadda yake faɗi a da, ko a mafarki. Ta koma gida hutu, ta kulle kanta a ɗaki da rikoda, ta cika kaset da hirar yau da gobe, ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya tana kashewa. Ta ƙarshe da ta kashe ita ce yadda take kiran uwarta daga bakin garke. Ranar tafiya ta bar kaset ɗin a kan gado, tun da aikinsa ya ƙare. Ƙofar manyan finafinai kuwa ta buɗe mata. Ta fito a sarauniya, ta fito a likita, ta fito a matar da ta binne 'ya'ya uku, kowacce da muryarta, duk ba a iya kama ta da kure. Shekara ashirin da shida ba ta taka gidan nan ba, sai dai wasiƙa.

Sai saƙo ya iske ta cewa uwar ta makance, jiki kuma ya yi nisa. Ba abin da 'yar wasan take so illa tsohuwar ta shaida ta, ta sa mata albarka kafin ta cika. Ta iso da tsakar rana, ko tsuntsu ba ya motsi, sai injin jan ruwa da ke juyawa yana ƙara. Tsohuwa na zaune a baranda. Ta durƙusa ta kira ta. Tsohuwar ta karkata kunne, ta tambaya wace ce. Ta sake kira, sai muryar sarauniya ta fito. Ta gyara maƙogwaro, likita ta fito. Kuka ya kama ta, shi ma kukan na matar nan ne mai 'ya'ya uku, wanda aka ba ta lambar yabo a kansa. Ta lalube cikinta kaf, murya ta fi arba'in, babu tata. Tsohuwar ta ce, "Baiwar Allah, kin yi makuwa. 'Yata tana ɗaki, kullum muna hira." Sai ga murya daga cikin ɗakin, ta budurwa mai warin tumaki, tana cewa rijiyar gabas ta ƙafe. Hankalin matar ya ɗan kwanta, ta ce a ranta ai kaset ne. Ta tura ƙofa. Rikoda na nan a kan gado inda ta bar ta, ƙura ta rufe ta, babu batir, ɓera ya cinye wayar, zaren kaset ɗin ya zubo ƙasa ya kanannaɗe. Tana tsaye tana kallo sai ta ji muryar a bayanta, a baranda, dab da kunnen tsohuwa: "Ba kowa ba ce, Mama, baƙuwa ce." Tsohuwar ta ce to a ba ta ruwa, a nuna mata hanya. Da ta fito ba ta ga kowa ba sai tsohuwa ita kaɗai tana murmushi, da kofin ruwa cike a kan matakala, yana gumi don sanyi. Ba ta sha ba. Ta shiga mota. Bayan kwana tara tsohuwar ta rasu, kuma ma'aikaciyar jinya da ke wurin ta ce da albarkar 'yarta a baki ta cika, tana riƙe da hannun da ba wanda ya gani.

Matar ta ci gaba da fitowa a fim, ana tafa mata har ta tsufa. Ni da nake aron muryar mutane, ko ta liman na ara, ba na kai ta ƙofar gidanmu. Ke ma in kin dawo daga aiki, ki tuɓe muryar waje a zaure tare da takalmi, ki gaida Inna da wadda ta sani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.